Yadda ake kallon tsuntsaye da namun daji a Yankari a farkon hunturu

Wanda ya nufi Yankari tsakanin tsakiyar Nuwamba da ƙarshen Disamba da niyyar ganin giwa, ya kamata ya sani tun daga gida cewa bai zaɓi lokacin giwa ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, gamba tana tsaye ta fi mutum tsawo, kududdufan cikin daji kuma ba su gama ƙafewa ba, saboda haka manyan dabbobi suna warwatse a dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, ba abin da ya tilasta musu fitowa fili. Sai daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan ƙishirwa ta matsa, suke taruwa a bakin kogin Gaji inda ido zai same su cikin sauƙi. Amma farkon hunturu lokacin tsuntsaye ne, domin a sannan ne baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya suke sauka su tarar da 'yan gida. An lissafa sama da nau'i 350 na tsuntsaye a wannan daji, kimanin 50 daga cikinsu irin waɗannan baƙi ne. Wanda ya tsara tafiyarsa a kan tsuntsaye, ya ɗauki giwa da ɓauna a matsayin gyara idan Allah ya kawo, shi ne zai koma gida da riba.

Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa babbar ƙofa ta Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki inda masauki yake. Kafin ka tashi, ka tuntuɓi hukumar dajin a kan masauki da motar zagaya da halin tsaron hanya, kuma ka shirya kwana biyu aƙalla, domin wanda ya iso da azahar ya juya da la'asar ya zo ne daidai lokacin da daji yake barci.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma mafi muhimmanci a cikinsu shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. Ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lambar farko tana nufin zai kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce, milimita 42, wadda ita ke ƙayyade yawan hasken da zai shiga. Masu sayarwa sukan kwaɗaita wa mutum mai lamba 16 ko 20, amma ban ba da shawarar a saya ba, domin duk rawar da hannu ya yi sai ta ninku a ido, filin da ake gani kuma ya ƙuntata har ƙaramin tsuntsu ya bar reshe kafin a lalubo shi. Ka saita madubin tun a masauki ta wannan hanya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙaramar tayar tsakiya har wani rubutu da ke nesa ya fito wa idon hagu sarai, sannan ka rufe na hagu, ka juya zoben da ke jikin idon dama har rubutun ya sake fitowa. Daga nan tayar tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Ƙurar hunturu tana da kaifi, don haka kada ka goge gilashi da bakin riga. Ka fara hure ƙurar, ka kakkaɓe da buroshi mai laushi, sannan ka shafa ƙyalle mai tsabta.

A kan sutura, ka zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, ka bar farar shadda a gida. Shuɗi da baƙi ma a guje su, saboda akwai ƙudan tsando a kurmin bakin Gaji kuma waɗannan launuka ne suke jawo shi. Ka tafi da rigar sanyi wadda za ka iya cirewa da hantsi, da rufaffen takalmi, da hula, da gorar ruwa, da ɗan man kaɗanya don leɓe. Sai ƙaramin littafin rubutu da fensir, da littafin hotunan tsuntsaye. Na Nik Borrow da Ron Demey a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne wanda masu wannan harka suka fi riƙewa. Manhajar Merlin ma tana taimakawa, amma ka sauke kundin tsuntsayen yankin tun kana gari, don kada ka dogara da sabis a daji.

A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:30 a wannan yanki, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma. Da ka idar da sallar asuba ka fito, kada ka jira mota. Awa biyun farko na safiya sun fi sauran yinin gaba ɗaya albarka, kuma harabar sansanin Wikki da gangaren da ke sauka zuwa ruwan ɗumi suna daga cikin wuraren da suka fi kyau a dajin. Ruwan yana fitowa daga gindin dutse da ɗuminsa na kusan digiri 31 dare da rana, manyan itatuwan da suka yi masa rumfa kuma ba sa kaɗe ganye da rani, saboda haka tsuntsayen kurmi suke tarewa a nan. Ka sami wuri ka tsaya rana tana bayanka. Wannan ƙa'ida ce da ba a wasa da ita a hunturu, domin idan ka fuskanci gabas cikin hazo, kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi, ko da kuwa tsanwaka ce.

A mintunan farko kunne ne zai yi aiki. Za ka ji makwarwa tana ƙaraji daga kan suri, zabin daji suna saukowa daga inda suka kwana da hayaniyarsu, ragon maza yana jero kukansa mai gangarowa daga cikin duhuwa, cilakowa tana fito siriri a ƙwanƙolin marke. Idan ka yi sa'a, can nesa za ka ji wani gurnani mai zurfi kamar ana buga ganga a hankali, to wannan burtu ne. Ka lura da inda kowane kuka yake fitowa, ka sa ido a wurin, ka jira motsi. Idan ka ga motsin, kada ka sauke kai ka nemi madubi. Ka kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin zuwa ido. Wannan ɗan abu shi ne ya fi ba sabon shiga wahala, kuma yana da kyau a gwada shi a gida da tattabarun unguwa kafin ranar tafiya.

Itacen da ke da 'ya'ya ya fi yawo amfani. Idan ka tarar da ɓaure ya nuna, ko kanya, ka zauna nesa kaɗan da gindinsa na rabin awa ba tare da magana ba. Da farko za ka ɗauka babu komai a kai. Sannu a hankali ganye zai fara motsi, sai ka gane cewa abin da ka ɗauka ganye ne tsirya ce, kore da kai ruwan toka da ciki rawaya, ta riƙe ɗan ɓaure da ƙafa ɗaya tana gutsura. Koren kurciyoyi masu rawayan ciki za su bayyana a inda ka riga ka duba sau uku ba ka ga komai ba. Wani lokaci kuma sai wani babban tsuntsu mai launin shunayya ya ratsa tsakanin rassa, ya buɗe fiffike ja wur, ya ɓace. Haka nan itacen da kauci ya kama, idan kaucin yana fure, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki lanƙwasasshe masu shan ruwan fure ba sa rabuwa da shi.

Ba a shiga cikin dajin sai da jagora, kuma ana fita zagaya da safe da kuma la'asar. Yawancin baƙi giwa suke nema, direbobi kuwa sun saba da gudu daga wannan mashaya zuwa waccan. Saboda haka tun kafin a tashi ka gaya wa jagora a fili, cikin girmamawa, cewa tsuntsaye ka zo kallo, kana so a tafi a hankali, a riƙa kashe injin idan an tsaya. Idan hali ya yi, ku haɗa kuɗi ku 'yan kaɗan masu buƙata ɗaya ku ɗauki mota taku, domin ba adalci ba ne ka tsayar da mota cike da yara minti goma a kan wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa. Ka kuma saurari jagoran da kyau. Mai yiwuwa bai san sunan da ke cikin littafinka ba, amma ya san itacen da mujiya mai kamun kifi take yini a kai, wannan kuwa ba littafin da zai gaya maka. Idan za ka nuna wa abokin tafiya tsuntsu, kada ka miƙa hannu ka ce ga shi can. Ka faɗi itacen, ka faɗi reshen, misali busasshen reshe na hagu a tsakiyar tsamiya.

A fadamar Gaji ne za ka fi daɗewa. A nan ake ganin zalɓe iri-iri, har da mafi girmansu a duniya, mai jan kai da wuya, yana tsaye shi kaɗai cikin ruwa. A nan ma ake samun wani babban ɗan'uwan shamuwa wanda tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi, fari da baƙi, bakinsa ja da baƙin ɗamara a tsakiya da rawayan tambari a goshi. Idan ka same su biyu, ka duba idanunsu, domin na macen rawaya ne, na namijin kuwa duhu. Ka binciki gaɓar kogi inda ƙasa ta zaftare ta bar bango. Idan ka ga ƙananan ramuka jere a jikin bangon, gidajen koren tsuntsun nan ne mai jan maƙogwaro mai cin ƙudan zuma. Suna haƙa ramukan ne a ƙarshen damina tun ƙasa tana da laushi, su jira har tsakiyar rani kafin su yi ƙwai, shi ya sa a wannan lokaci za ka same su a rassan kusa suna tashi su cafko ƙwaro su dawo reshensu. Ka lura da yadda tsuntsun yake buga ƙudan zuma a jikin reshe, ya goga gindinsa har ƙarin ya fita, sannan ya haɗiye. Kada ka matsa kusa da bangon, kuma kada ka hau samansa, don ramukan suna iya rubzawa.

Baƙin hunturu ba su da ado, kuma nemansu ne yake koya wa mutum kallo na gaskiya. A bakin laka za ka ga wasu sirara masu dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa a sama fari a ƙasa, ɗaya daga cikinsu ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa yana tafiya. A gajeriyar ciyawa akwai mai rawayan ciki mai kaɗa doguwar jela, wanda yakan bi ƙafafun dabbobi yana tsintar ƙwarin da suka tayar. A cikin ganyen itatuwa kuma akwai wani ɗan mitsitsi mai launin ganye-ganye wanda nauyinsa bai kai giram 10 ba, amma da fiffikensa ya taso daga arewacin Turai ya ƙetare teku da hamada. Abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne wasu 'yan gida ma sun sauya kaya. Namijin mulufi da ya yi damina ja wur a kan karan dawa, yanzu ya zubar da jan gashinsa ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, ba ka bambanta shi da matarsa. Shamuwa kuwa ta riga ta yi kudu tun ƙarshen damina, saboda haka idan ka ga kamar ita a Disamba, ka sake dubawa sau biyu kafin ka rubuta.

Hanyar gane tsuntsun da ba ka sani ba ita ce ka rubuta kafin ka buɗe littafi. Ka fara da girmansa, kana auna shi da waɗanda ka sani, wato gwara da kurciya da hankaka da shirwa. Sai siffar baki, da tsawon ƙafa da launinta, da tsawon jela, da duk wani zane a ido ko a fiffike. Sai abin da yake yi da inda yake yin sa, ko a ƙasa yake tsalle, ko jikin itace yake hawa, ko shi kaɗai ne ko cikin garke. Launi ne na ƙarshe, domin hazo da ƙura da inuwa duk suna sauya shi. Dalilin wannan tsari shi ne, da zarar mutum ya ga hoto a littafi, sai zuciyarsa ta fara ƙara wa tsuntsun abin da ido bai gani ba. Idan bayanin bai kai ka ga suna ba, ka bar shi babu suna. A ganina, littafin da ke da gurabe irin waɗannan ya fi abin yarda a kan wanda kowane layi nasa ya cika. Ana iya ɗora kyamarar waya a idon madubi a ɗauki hoto, ko a naɗi kukan, a nuna wa wanda ya fi sani daga baya. Amma kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi abu ne da ya kamata a bari, saboda yana hana shi kiwo ya sa shi neman abokin faɗan da babu shi.

Da hantsi, idan ƙasa ta ɗumama, ka mai da ido sama. Lokacin ne manyan masu shawagi suke tashi. Gaggafa ba ta ɓuya, domin jelarta gajera ce ƙwarai har ƙafafunta suna leƙowa, kuma tana tafiya tana karkata hagu da dama ba tare da kaɗa fiffike ba. Ungulu kuwa ka ƙirga ko guda nawa ka gani, ka rubuta. Ungulun da a da take cika mahauta da kasuwannin ƙasar Hausa, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don magani yana cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma. Idan kuma ka hango hayaƙi, ka tambayi jagora ko akwai hanyar da za a tsaya nesa da shi ta bayan iska. A irin waɗannan dazuzzuka akan sa wa ciyawa wuta da wuri, tun tana da sauran danshi, don kada gobarar tsakiyar rani ta cinye itatuwa. Fara da sauran ƙwari suna tashi a gaban wutar, shirwa da tsanwaka da jajayen masu cin ƙudan zuma kuma suna kutsawa cikin hayaƙin suna cafkewa. Wurin da ya ƙone ya huce kuwa nan ne burtu yake kiwo, biyu ko uku suna takawa a hankali, namijin da ja a maƙogwaro, macen shuɗi zalla.

Namun daji a wannan lokaci alamarsu ake fara karantawa. Gwaggon biri da mugun dawa ba sa buƙatar nema, suna yawo a cikin sansanin kansa. Birin ya san leda, ya san ƙofar da ba a kulle ba, saboda haka kada ka riƙe abinci a fili, kada kuma ka ba shi, komai yadda ya zauna yana kallonka. A hanya, ka sa ido a wuraren da suka ƙone sabon tsiro ya fara fitowa, domin gwanki da kanki suna son sa. Gwambaza ba ya nisa da ruwa, mazo kuma a gefen kurmi yake fitowa da sassafe ko dab da magariba. Idan ka ji carki yana tsuwwa ya tashi daga cikin doguwar ciyawa, akwai babbar dabba a wurin, wataƙila ɓauna, kuma wannan dalili ne na zama cikin mota. Giwayen Yankari, waɗanda ake ƙiyasta yawansu tsakanin 100 da 150, suna cikin mafi yawa da suka rage a Najeriya, kuma ko ba ka gan su ba za ka ga aikinsu a karyayyun rassa da ɓawon itace da aka ɗaye da tulin kashi a kan hanya. Idan jagora ya yarda a sauka a wurin sawu, ka auna kewayen sawun ƙafar gaba da igiya ka ninka biyu, abin da ya fito shi ne kusan tsawon giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Zaki yana cikin lissafin dajin, amma kaɗan ne ƙwarai, kada ka sa rai.

Da yamma, a kan hanyar dawowa, fitilar mota takan haska jajayen idanu a ƙasa, waɗannan na yautai ne da ke kwanciya a kan turba. Ka roƙi direba ya rage gudu. Bayan sallar isha, tun abin yana sabo a ka, ka zauna ka tsabtace rubutunka, ka sa kwanan wata da wuri da lokacin farawa da na gamawa da yanayin hazo, sannan sunayen da ka tabbatar da adadinsu. Wannan rubutu yana da inda za a kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Ana shigar da bayani ta manhajar BirdLasser, kuma cikakken rahoto yana buƙatar kallon awa 2 aƙalla a gida ɗaya cikin kwanakin da ba su wuce 5 ba. Ka shigar da kowane tsuntsu a wurin da ka gan shi da kuma jerin yadda ka gan su, har da kurciya da balbela da hankaka, domin masu binciken suna buƙatar sanin yawan na kullum kamar yadda suke buƙatar labarin wanda ba kasafai ake gani ba.